Ku zo ku nuna mana layin a ƙasa

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, barka da aiki.

Ni manomi ne a arewacin Tanut. Aji biyu na yi a kwalejin Damagaram, sauran duk gumina ne, ban gaji ko kwashen noma ba.

Depitocinmu, wakilan yankinmu na Damargu, sun tsaya wa wata doka a majalisa, aka ja layi: kudu noma, arewa kiwo. Wanda ya shuka a arewa, dabba ta ci, ba shi da ƙara. Madalla. To, bara raƙuman maƙwabcina Agali suka faɗa gerona. Na ɗauko takardar dokar, na karanta masa da Faransanci, na fassara. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan lakwal, kai da ka yi boko, nuna mini layin a ƙasa. Raƙumina bai iya karatu ba."

Wallahi ni kaina ban san ɓangaren da gonata take ba.

Ga damina ta gabato, iri na hannuna. Depitoci, ku zo ku kafa duwatsu. In kun ƙi, ni da Agali za mu shiga mota mu tarar da ku Yamai.

Masu sauraro, in shuka ko in jira? Ina gaida mutanen Gangara.

Naku, Mamman Lawali.