Farin Fenti a Jikin Zad

Muntaka: Salamu alaikum. Lado ne?

Lado: Wa alaikumus salam, Kawu Muntaka. Ina wuni? Ya unguwarku Sharafiyya?

Muntaka: Lafiya. Ya gareji? Ya zafin Khumra?

Lado: Muna cikinsa. Ya ƙafar?

Muntaka: Tana nan yadda ka sani. Zakiya da yara?

Lado: Lafiya lau. Ya shirin komawa gida?

Muntaka: Halas, shi ke nan, iƙama, takardar zamana, ta ƙare, tunda kafili ubangidana ya rasu ba mai sabuntawa. Ɗansa Hamad ya ce in zaɓi ɗaya cikin motocin marigayin, sallamata ke nan.

Lado: Kiresida da Datsun Zad ɗin nan? Zad za ka ɗauka, Kawu.

Muntaka: Me? Layin na yankewa.

Lado: Na ce Zad.

Muntaka: Ni Kiresida na sani. Tun ina da baƙin gashi nake tuƙa shi a cikinta, Makka, Ɗa'if, ba ta taɓa zubar da mu a hanya ba. Zad kuwa kujera biyu, sai ka durƙusa kafin ka shiga.

Lado: Ai ba hawa za ka yi ba. Kiresida ta aiki ce, irinta sun cika tashlih, wajen 'yan gwangwan. Zad ba ta da nauyi, ga silinda shida, in ta hau titin Madina Kiresida ko hayaƙinta ba ta gani. Yaran Larabawa masu tara tsofaffin motoci nemanta suke ido rufe. Ka sayar, ka gina ɗakunanka a Funtuwa.

Muntaka: Haka Hamad ya ce. Shi ya sa na riga na ɗauki Zad ɗin.

Lado: Alhamdu lillahi. To kar ka taɓa mata komai. Fentin kamfani da kujerun asali, su ake saye.

Muntaka: Uhm.

Lado: Kawu? Kana jina?

Muntaka: Ina ji. Kunya na ji in nuna wa mutane ita haka, Lado. Fentinta ruwan lemon nan ya koɗe, kujerun sun tsattsage. Na kai an fesa mata fari, an sa sababbin kujeru masu laushi.

Lado: Inna lillahi! Tsofaffin kujerun fa?

Muntaka: Mai tashlih ya kwashe. Har godiya na yi masa.

Lado: Me ya hana ka kira ni?

Muntaka: Gyara na yi, ɗana. Duk rayuwata abin da ake yaba mini ke nan, mota tsaf.

Lado: Koma wurin Hamad ka ce Kiresidar kake so.

Muntaka: Ya ba Husaini mai gadi. Ɗazu na ga yana loda mata buhunan albasa. Faɗa mini gaskiya, Lado, na gaji. Yanzu za ta gina ko ɗaki ɗaya?

Lado: Kawo ta gobe in duba. In fentin asalin na nan a ƙarƙashin farin, wataƙila…

Muntaka: Sun kankare shi har ƙarfe. Ni na tsaya a kansu don kar su yi mini ha'inci. Lado? Alo? La…