Gonar da Malam Sama'ila Ya Ƙi Nomawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Uwarmu Hajiya Rahmatu da ke saurare daga cikin gida, da kai Huzaifa da ƙannenka, ya ƙarin haƙuri? 'Yan ƙwallon Ikara da Paki da Makarfi da Kudan, tsofaffi da masu tasowa, sannunku da zuwa.

An ce ni Yahuza in yi magana a kan Malam Sama'ila, wai don ni ne golan farko a gasar da ya kafa. Wallahi da son raina ne, da can bayan rumfa zan ɓuya. Kunya ce ta ishe ni, kuma na san ba ni kaɗai ba.

Ya kasance malamin firamare a nan Furana, da kekensa da usur ɗinsa. A lokacin kowane ƙauye shi kaɗai yake buga ƙwallonsa. Shi ya bi gari gari yana lallashin iyayenmu har Gasar Kaka ta tsaya: in an gama girbi a fara, kafin ruwan farko a ɗaga kofi. Fili kuwa babu. Sai ya ba da gonarsa ta bakin rafi, wadda yake noman tumatir a cikinta da rani. Mu muka tuge kututturen dawa, shi ya ja layi da tokar murhun Hajiya.

Ya kasance mai doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba a busa usur sai ƙungiyoyin biyu sun ci tuwo a faranti ɗaya. Wata rana 'yan Makarfi suka zo a makare, muka ce, "Malam, a fara mana, a ci daga baya." Ya ce, "Yahuza, wanda kuka tsoma hannu a miya ɗaya ba ka karya masa ƙafa. Ku zauna." Muka zauna. Ranar nan sai da ragata ta cika, don tuwon ya hana ni tsalle, har gobe kuma 'yan Makarfi ba su daina yi mini tsiya ba.

Da haka gasar ta girma. Ƙungiya huɗu ta zama ashirin. Yaranmu suka buga a Kaduna. Aure nawa aka ƙulla tsakanin garuruwan nan saboda farantin nan? Ga 'ya'yan nan a zaune cikinku.

Sai muka waye. Muka samu riguna masu lamba, muka kafa kwamiti, muka ce tuwo ƙauyanci ne, yana sa nauyin jiki. Malam ya roƙe mu, muka ce tsoho ya huta. A shekarar ce wasan ƙarshe tsakanin Damisar Paki da Guguwar Kudan ya tashi da jifa. Aka fasa kawuna, kofi ya kwana a caji ofis. Tun daga ranar ba a sake busa usur ba.

Ya kasance mai jira. Rani uku maƙwabtansa suna loda kwandunan tumatir a mota, shi yana share fili yana zuba toka. Hajiya ta ce yakan ce mata, "Rahmatu, ɗora tukunya, ƙila yau su zo." Mu kuma fa? Mukan wuce a kan babur mu sunkuyar da kai, mu tafi gidan kallo muna yi wa Turawa ihu. Kaico! Buhun tokar da ya tara na bana yana nan a zaure, bai samu zubawa ba.

Ko yau ku dubi zamanmu. 'Yan Paki dama, 'yan Kudan hagu, tsakiya wayam. A ƙofar gidansa, a taron addu'arsa!

Hajiya, ki yafe mana. Huzaifa, jiya ka same ni ka ce, "Baba Yahuza, rani ya kama. In kai injin ban ruwa gonar nan, ko in bar ta?" Ɗana, in ka noma ba mai ganin laifinka, ƙanne gare ka. Amma amsar ba a bakina take ba. Tana wajen mutum biyu: Ukasha, kyaftin ɗin Paki, da Muktar, kyaftin ɗin Kudan.

Hajiya ta ɗora tukunyar nan yau ma, tana cikin takaba. Ga farantin can a tsakiyar tabarma, shi ne dai na da. In ya koma cikin gida yadda ya fito, Huzaifa, gobe ka kai injinka, mu kuma kada mu ƙara kiran sunan mahaifinka da bakinmu.

Mun gode wa iyayen ƙasa da malamai da duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙan Malam Sama'ila, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya albarkaci bayansa. Mu kuma Allah ya yaye mana girman kai, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Ukasha, Muktar, ga buta nan. Tuwon yana hucewa.