Tabon Wuyan Baba

A bencin asibiti, wata mata da ake wa mahaifiyarta tiyata ta dubi tabon wuyan dattijon da ke gefenta.

"Baba, irin aikin Mama aka yi maka?"

"Shi ne. 'Yar ƙwaya suka cire, mai sa ƙashi zubar da sinadarin kalsiyam."

"Mama na fama da ciwon gaɓoɓi. To naka fa?"

"Ya lafa. Yau gwajin jini ya nuna kumburin jikin ya ragu. Likita ya ce har yawan faɗana ƙwayar ce ta jawo."

Matar ta sauke ajiyar zuciya. "Ashe ba tsanata Mama take yi ba."

"Ko kaɗan, 'yata. Amma kada ki saki jiki. Matata ta ce nawa faɗan rabi kawai aka cire."