Allurar da ta ɓoye ɗingishin Akawal

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu saurare. Ni dillalin dawaki ne a Kaura Namoda. Ba zan ɓoye ba, na sha yi wa gurgun doki allurar kashe zafi da kumburi ana gobe kasuwar Shinkafi, ya yi ta taƙama gaban mai saye.

Bana sai sanyin ƙashi ya kama gwiwar nawa dokin, Akawal. Malamin dabbobi ya yi mishi allurar nan, ya ce, "Alhaji, wagga ba ta warkarwa, zafi kawai take ɗaukewa. Bar shi ya huta wata guda." Na ce, "Malam, ni za ka koya wa?" Kwana uku ɗingishi ya ɓace, na ɗaura sirdi na tafi suna Zurmi.

Muna dawowa ya kwanta a turke, yau kwana shida bai tashi ba. Nakan kai mishi dusa, in zauna in zuba mishi ido, ba na jin komai a raina. Don Allah masu kiwo, dokin da ya kwanta haka yana tashi, ko in daina kai dusar?