Katin Yaya Yana Wurina

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga unguwar New Bell nake rubutowa, don Allah a sakaya sunana. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba: ni na ɓoye katin shaidar yayana.

Yaya Sani mawaƙi ne mai tasowa. Shekara biyu yana yi wa wasu amshi, sai aka ba shi fili shi kaɗai ranar Lahadi bayan la'asar, a wani ɗan gidan abinci a unguwar Nylon. Tun da rikici ya fara a garinmu ana yawan kame a wuraren taro, ba mai fita ba kati. Tsoro ya kama ni. Na ɗauka in bai ga katin ba, zai haƙura ya zauna, sai na cusa shi cikin garin rogo.

Ya birkice ɗaki yana nema. Ya ce, "Ke Kurma, ba ki ga katina ba?" Haka yake tsokanata don ba ni da yawan magana. Na girgiza kai. Ya yi dariya ya ce, "To, yau ko ba kati sai na yi waƙa."

Makaɗinsa ya ce suna cikin waƙa ta biyu jami'an tsaro suka tare ƙofa. Masu kati aka sallame su, shi aka jefa shi mota. Yau kwana tara. Baba yana yawon nemansa yana faɗan sakacinsa, Mama ko abinci ba ta ci.

Anti, masu sauraro su taimake ni, katin zai iya fito da shi yanzu? Na riga na ciro shi na kakkaɓe garin. Gobe da safe kafin Baba ya fita, zan durƙusa in miƙa masa.