Kwamfutar da Auta Ya Zaɓa

KAKA: Alo? Alo? Salamu alaikum.

DOGO: Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar tsohuwar matata?

KAKA: Ita ce, ja'iri, wadda ka yi tafiya ko sallama babu. Ka sauka lafiya?

DOGO: Lafiya lau, Kaka. Ina wuni? Ya jiki? Ya gwiwa?

KAKA: Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ya gajiyar hanya?

DOGO: Ba gajiya. Ya mutanen gidan?

KAKA: Kowa lafiya. Ya masaukin naka, akwai sauro?

DOGO: Akwai me?

KAKA: Sauro! Sauro na ce!

DOGO: Au, babu. Kaka, ki matsa bakin taga, muryarki tana yankewa.

KAKA: A bakin tagar nake, saura in faɗa waje. Ka samo tawadar da ka je nema?

DOGO: Na samu, har da ledar bugu. Jibi zan dawo in Allah Ya so. Me zan taho miki da shi? Jan baki?

KAKA: Ka kai wa matarka. Dogo.

DOGO: Na'am.

KAKA: Mai ɗinkin nan ta kusa da shagonka ta zo wurina jiya da yamma.

DOGO: To. Ɗinki ta kawo miki?

KAKA: Magana ta kawo mini. Ita ta fara gaya mini, tun kafin ƙaninka ya buɗe baki. Shi har yanzu ma bai buɗe ba.

DOGO: Ai in Auta ya fara buɗe baki yau, sai na dawo zai ƙarasa.

KAKA: Kai! Da ni kake magana fa.

DOGO: Wasa nake, Kaka. Matar nan kuma ba ta da aiki sai leƙen shagon mutane. Me ta ce?

KAKA: Ta ce ka kori Auta.

DOGO: Ban kore shi ba. Aikinsa ne ya ƙare.

KAKA: Yaya aikinsa zai ƙare alhali injin bugun shagonka yana nan yana ta aman takarda? Na wuce na ji ƙararsa da kunnena.

DOGO: Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Kin san ɗakin baya, inda Auta yake zama?

KAKA: Ɗakin nan mai warin tawada, wanda ba taga. Na sani. Ni na ɗinka masa matashin kujerarsa.

DOGO: To tsohuwar kwamfutar da ke ciki, aikinta ɗaya ne. In an zana hoto a gaba, sai a kai mata, akwai wata manhaja a cikinta da take tauna hoton, ta rarraba kala, sannan ta miƙa wa babban injin ya buga.

KAKA: Kamar markaɗe.

DOGO: Yawwa, kamar markaɗe. Amma ta tsufa. A ba ta babban hoto sai ta daskare, a tsakiyar bugu ta tsaya cak, leda ta lalace, tawada ta tafi a banza. Dole sai mutum ya zauna a kanta yana lallashi, yana yi mata fifita da kwali. Wannan shi ne aikin Auta, renon tsohuwa.

KAKA: Ka ce renon tsohuwa ba aiki ba ne, ina jin ka.

DOGO: Ban da ke, ke ai sabuwa ce dal. To yanzu mun sayi wata, ba ta bukatar reno.

KAKA: Kun saya. Wa ya zaɓo ta?

DOGO: Shi.

KAKA: Shi! Duk yamma sai ya biyo ta nan, ƙafafu furu-furu, ya zauna a bakin gadona yana ba ni labarin kwamfuta kamar wanda yake neman aure. Ya ce kai ta ɗorawa a cinya kake so, siririya, mai walƙiya.

DOGO: Ita nake so mana. Da na riƙa tafiya da ita gida.

KAKA: Ya ce ta cinya zafi take ɗauka, ba za ta jure wuni guda tana markaɗe ba. Ya ce sai ta tebur, mai babban ciki da fanka biyu, mai ƙwaƙwalwa da yawa. Wani mai shago ya so ya manna masa wata mai fitilu ja da kore, ta 'yan wasan yara, ya ce shi ba fitila ya zo saya ba.

DOGO: Duk ya gaya miki wannan? Lallai kin sha zama.

KAKA: Na zauna, me nake yi da ya fi? Ya ɗauki hoton nan naku mafi nauyi a ɗan abin nan da ake sokawa, kamar ɗan yatsa...

DOGO: Filash.

KAKA: Ko ma mene ne. Shago shago yake bi, a soka, ya tsaya ya ga wadda za ta buɗe shi ba ta yi nishi ba. Kuma ka san yadda 'yan kasuwa suke da mai i'ina. Wani kwaikwayonsa ya yi a gabansa. Wani ya ce ya je ya turo mai gidansa. Ya dawo idonsa jajur, washegari ya koma.

DOGO: Ni ban aike shi ya sha wahala ba. Na ce ya ɗauko ko wacce, shi ya nace sai mai ƙarfi. Har rigima muka yi. Ya ce, Ya-ya-yaya, wa-wannan za ta iya za-zane da bu-bugu lo-lokaci ɗaya.

KAKA: Dogo, ka ƙara kwaikwayonsa a kunnena, wallahi sai na...

DOGO: To yi haƙuri. Amma kin ji abin da ya faɗa? Zane da bugu lokaci ɗaya. Da bakinsa. Ni a wurin na ce, ashe haka ne? In kwamfuta ɗaya za ta yi duka, to a gaba za ta zauna, kan teburin karɓar baƙi. Mutum ya shigo, a zana masa yana kallo, a danna, inji ya ɗauka. Ɗakin baya ya tashi aiki. Ni ma ban yi wannan tunanin ba sai da ya haska mini.

KAKA: To ka dawo da shi gaban mana! Wa ya san ta kamarsa? Shi ya haɗa wayoyin, shi ya kwana biyu yana daidaita kala har jan ya fito ja.

DOGO: Gaba? Kaka, gaba wurin magana ne. Mutum ya shigo yana sauri, ya tambayi faɗin allo nawa ne, Auta ya kama gefen tebur, ya rufe ido, wuya ya kumbura. Na taɓa barinsa a gaba na je salla, na dawo na tarar da mai odar yana dariya har da hawaye, ya tafi bai dawo ba. Shago nake da shi, ba gidan marayu ba.

KAKA: Gidan marayu. To ku biyun a gidan wa kuka tashi? Da uwarku ta rasu, wa ya...

DOGO: Kada ki sa Mama a wannan maganar.

KAKA: Zan sa ta! 'Yata ce kafin ta zama uwarka. Alo? Alo, kana ji na?

DOGO: Ina ji, mota ce ta wuce.

KAKA: Ni duk wannan ma da sauƙi. Kora ai ana kora. Ledar tallan nan fa? Gaya mini da bakinka yadda aka yi ledar nan da ke rataye a ƙofar shagonka.

DOGO: Sabuwar kwamfuta ai sai an gwada ta. Na ba shi aikin gwaji, shi ke nan.

KAKA: Ka ce masa aikin wani ne.

DOGO: Na ce aikin wani mai shago ne. Ni ba mai shago ba ne?

KAKA: Mai ɗinki ta karanta mini, don ni manyan baƙaƙen kawai nake iya haɗawa. Ana neman ma'aikacin kwamfuta mai iya magana da kyau. A shigo ciki a yi tambaya. Haka ne ko ba haka ba?

DOGO: Haka ne.

KAKA: Kuma wurin mai iya magana da kyau, da ja aka rubuta, ya fi sauran girma.

DOGO: Wannan shi ya zaɓi jan. Na ce masa dai mai aikin yana so wurin ya fito. Kuma wallahi ya fito, Kaka, ba ki ga kalar ba? Ko minti biyu ba ta yi ba ta tauna shi. Auta har tafi ya yi.

KAKA: Ya yi tafi.

DOGO: Ya yi tafi mana, abin ya burge shi.

KAKA: Ya yanke gefen, ya huda kusurwoyin, ya sa igiya. Ka ce ya ɗauko tsani, mai aikin yana nan kusa. Ya saɓo tsani a kafaɗa, kuna fita ƙofa ka ce, nan ne, hau ka rataya. A gaban mai ɗinki, a gaban mai gyaran waya, a gaban duk layin.

DOGO: To da yaya kike so in gaya masa? In zaunar da shi in ce kaza da kaza, shi kuma ya fara ba ni amsa? Da har yanzu muna wurin, ban yi tafiyar ba. Haka ya fi sauri, ya karanta, ya gane, ba wanda ya wahala.

KAKA: Inna lillahi. Ta ce yana kan tsanin ya juyo ya kalle ka, bakinsa yana ta motsi, ba abin da ya fito. Wasu suka yi dariya.

DOGO: Amma ya rataya.

KAKA: Ya rataya, don kai ne yayansa. Dogo, ni ban taɓa roƙonka komai ba, ko maganin gwiwar nan ban taɓa cewa ka saya ba. Yau ina roƙonka. Matarsa ciki gare ta, ka sani. Ka bar shi ko a ɗakin bayan ne, da tsohuwar kwamfutar.

DOGO: Na ba masu gwangwan ita.

KAKA: To ya riƙa yanka leda, ya riƙa naɗewa.

DOGO: Akwai mai yi.

KAKA: To ya zauna kusa da sabon, shi ya danna, wancan ya yi surutun.

DOGO: Mutum biyu a kujera ɗaya? To me ya sa na sayi mai ƙarfin? Kaka, in gaya miki gaskiya ba za ki ji haushi ba?

KAKA: Faɗi, yau ai ranarka ce.

DOGO: Ke kika mai da shi haka. Tun muna yara, ya ce ru, ki ce ruwa, ki miƙa masa. Ya ce ma, ki ce makaranta, ba zai je ba yau, ana tsokanarsa. Ba ki taɓa bari ya ƙarasa kalma ɗaya da kansa ba. Ni in na yi kuka ki ce kai babba ne, tashi. Na tashi. Shi ga shi nan, gemu ya fito, mata da ciki, an sallame shi daga aiki, kuma wa ya kira ni? Kakarsa. Har yau ke kike ƙarasa masa magana. Alo? Kaka? Ta yanke ne?

KAKA: Ba ta yanke ba.

DOGO: Na ce ba za ki ji haushi ba.

KAKA: Bai san na kira ka ba. Da ya sani da ya ɓoye wayar.

DOGO: To ki bar maganar haka. In na dawo zan ɗan duba masa wani wuri, gadi ko wani abu da ba a magana. Kuma don Allah kada ki je shagon ki yi mini abin kunya, masu neman aikin suna zuwa.

KAKA: Na riga na je.

DOGO: Kin je? Yaushe?

KAKA: Da mai ɗinki ta tafi ban runtsa ba. Gari na wayewa yau na ɗauki wuƙar kicin, na naɗe ta a gefen zane, na ɗauki sandata.

DOGO: Wuƙa? Kaka, me kika yi? Ledar nan mai kyau ce fa, ba irin ta gwaji ba ce!

KAKA: Niyyata in tsinke igiyoyin, in keta ta gida huɗu, in ajiye maka a bakin ƙofa. A hankali na tafi, ina hutawa a jikin katanga. Ko shaguna ba a buɗe ba, sai na mai gyaran waya.

DOGO: Kin keta? Ki gaya mini, kin keta?

KAKA: Ina shan kwana sai na hango mutum a kan tsani a ƙofar shagon. Auta ne. Ashe iskar jiya ta kwance kusurwa ɗaya, ledar ta karkace, ta naɗe, rubutun ba ya karantuwa. Ya wuce ya gani, ya je ya aro tsani wurin mai gyaran waya. Na ce, Auta, me kake yi? Sauko. Ya daɗe yana kokawa da maganar. Ban taya shi ba. Da ta fito, cewa ya yi, Kaka, aikina ne, ba na so a ce ya karkace.

DOGO: To sai me?

KAKA: Tsanin yana rawa, ƙafarsa ɗaya ba ta zauna a ƙasa ba.

DOGO: Ke kuma me kika yi?

KAKA: Na jingine sandata, na riƙe masa tsanin har ya gama ɗaurewa.

DOGO: Alhamdu lillahi, har hankalina ya tashi. Ta miƙe dai yanzu ko? Ana iya karantawa daga titi? In kin gan shi ki ce ya duba kusurwar hagu ma, ita ma kamar ba ta... Alo? Kaka? Alo?