Teburi Ɗaya, Gobe Biki

A tashar bas ta birnin Niš, tsoho Radivoje, mahaƙin da ramin kwal ya kasa haɗiyewa, ya muskuta wa wani magidanci mai rungume da ƙaton kwali.

"Ɗana, ƙofa ka sayo?"

"Allon kwamfuta ne, Baba. Da rana aikin ofis a kansa, in an tashi kuma wasan yaƙi. Ido ya gaji, baya ya gaji."

"Yaƙi daga zaune. Ni sau biyu rami na ruftawa da ni, ina fitowa da ƙafata. Ina za ka kai shi?"

"Gidan ƙanena. Teburi ɗaya gare mu, allon ya cinye shi. Gobe slava, bikin waliyyin gidanmu. Uwargida ta ce in burodi da kyandir na bikin ba su sami wuri ba, ita ma ba ta zama."

"Tana da gaskiya. Nawa ɗan yana Jamus, gaban irin wannan allo. Na manta rabona da ganin kyandir a kunne."

Magidancin ya dube shi. "Ai ka san slava ba a gayyata, Baba. Zuwa kawai ake yi."

"Ni za ka koya wa?" Tsoho ya gyara hularsa. "Wane layi kuke?"